Murtala a yaƙin basasa: me ya sa ya ƙwato Binin cikin wata guda, amma Anacha ta gagare shi wata biyar?

Ɗalibin Tarihi ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayenmu da malamanmu na wannan zaure. Duk sanda aka ɗauko zancen Janar Murtala Ramat Muhammad, hirar takan tsaya ne a kan wata shida da 'yan kwanakin da ya yi yana mulki: Abuja, sababbin jihohi, korar ma'aikata, Angola, sai ranar Juma'ar da aka harbe shi a Legas. Aikin sojan da ya kai shi ga wannan kujera ba a cika tsayawa a kansa ba, in ma an tsaya to yabo ne tsantsa ko zagi tsantsa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutum ɗaya ne da runduna ɗaya suka fatattaki sojojin Biyafara daga jihar Tsakiyar Yamma cikin 'yan makonni a 1967, kuma su ɗin ne dai suka yi yunƙurin ƙetare kogin Kwara zuwa Anacha har sau uku suna kwasar kashinsu a hannu. Wane irin horo ya samu kafin yaƙin? Yaya aka harhaɗa rundunar tasa, wato runduna ta biyu? Kuma a aikace mene ne ya lalace a bakin kogin? Ina roƙon waɗanda suka san harkar su yi mana dalla-dalla. Allah ya saka da alheri.

Malam Na Tudun Wada ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Amsar tambayarka ta ƙarshe tana cikin ta farko, don haka bari a fara daga tushe.

An haifi Murtala a Kano ranar 8 ga Nuwamba 1938. Ya yi Midil ta Kano, ya wuce kwalejin gwamnati ta Zariya wadda aka sani da Barewa, ya shiga soja a 1958. Bayan ɗan gajeren horo a gida da ƙasar Gana, aka tura shi Sandhurst a Ingila, ya fito da anini ɗaya a kafaɗa a 1961. Sashen da aka ba shi shi ne sigina, wato sadarwar soja, kuma wannan ne wurin da ya kamata ka riƙe. Hafsan sigina aikinsa shimfiɗa waya, kafa tashar rediyo, raba mitoci ga bataliyoyi, kula da batura da janareto, da tabbatar da cewa umarnin kwamanda ya isa inda aka aika shi ba tare da abokin gaba ya saurara ba. Aiki ne mai muhimmanci ƙwarai, amma ba shi ne jagorantar sojan ƙasa a fagen daga ba.

Ya je Kwango cikin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, nan ma a ɓangaren sigina. A 1962 ya zama dogarin Dakta Majekodunmi, wanda aka ba riƙon jihar Yamma lokacin dokar ta-ɓaci. A 1963 ya riƙe siginar birged ta ɗaya a Kaduna, ya koma Ingila kwas a Catterick, ya dawo a 1964 ya zama manjo mai kula da rukunin sigina na Apapa. Watan Afrilun 1966 aka ba shi laftanar kanar, aka naɗa shi sufeton sigina na rundunar soja baki ɗaya.

To duba yadda tsanin yake a ƙa'ida. Laftanar yakan riƙe filatun, mutum talatin ko sama kaɗan. Kyaftin ko manjo ya riƙe kamfani, mutum ɗari da 'yan kai. Laftanar kanar ya riƙe bataliya, mutum ɗari shida zuwa ɗari takwas. Bataliya uku su ne birged, birged uku su ne babbar runduna, wadda a sojan Ingila manjo janar ne mai shekara ashirin da biyar ko fiye a bakin aiki yake riƙe ta, bayan ya wuce kwalejin manyan hafsoshi inda ake koyar da lissafin abinci, mai, harsashi da motoci. Murtala bai taɓa riƙe bataliyar sojan ƙasa ba, bai riƙe birged ba, kuma bai je waccan kwaleji ba sai bayan an gama yaƙi. A watan Agustan 1967 da aka ɗora masa runduna ta biyu shekarunsa 28, shekara shida kacal da zama hafsa.

Ba shi kaɗai ba ne a wannan hali, sojan ne gaba ɗaya ya rushe daga sama. Kafin 1966 sojan Nijeriya bai wuce mutum dubu goma ba, bataliya biyar ta sojan ƙasa a ƙarƙashin birged biyu. Juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 ya tafi da Birgediya Maimalari, Birgediya Ademulegun, Kanar Kur Muhammad, Kanar Shodeinde, da su Largema, Pam da Unegbe. Na 29 ga Yuli, wanda Murtala ke cikin jagororinsa, ya tafi da shugaban ƙasa Ironsi da gwamnan Yamma Fajuyi da hafsoshin Gabas masu yawa, waɗanda suka tsira kuma suka koma gida suka zama ƙashin bayan sojan Biyafara. Don haka duk wanda ya rage sai da ya tsallake matakala biyu ko uku. Muhammadu Shuwa na runduna ta ɗaya sa'ansa ne, tare suka yi Barewa da Sandhurst, Gowon kansa bai wuce shekara talatin da biyu ba.

Abu na biyu da za ka riƙe shi ne dangantakarsa da Gowon. A kwanakin da suka biyo bayan juyin mulkin Yuli, Murtala ne ke da ƙarfin faɗa a ji a wurin sojojin Arewa da ke Ikeja, kuma da farko ra'ayinsu a raba ƙasa ne. Aka lallashe su, aka ba Gowon mulki a matsayin babban hafsan Arewa da ya rage. Mutumin da yake ganin da hannunsa aka ɗora ka a kujera, da wuya ya karɓi umarninka yadda ƙaramin hafsa ke karɓa. Wannan zai dawo a bakin Kwara.

Tsohon Akawu ya rubuta:

Malam ya shimfiɗa tabarma da kyau. Bari in ɗora a kan yadda aka haifi rundunar, domin ba haihuwar lafiya aka yi mata ba.

An fara yaƙi ranar 6 ga Yuli 1967 daga arewa, ta Nsukka da Ogoja, gwamnati tana kiransa aikin 'yan sanda. Ranar 9 ga Agusta sojojin Biyafara ƙarƙashin Victor Banjo suka hau gadar Anacha da motoci suka shiga Tsakiyar Yamma, cikin yini guda Binin ta faɗa hannunsu kusan ba harbi, gwamna David Ejoor ya sulale. Suka matsa har Ore, wajen kilomita 200 daga Legas. A lokacin kusan duk sojan da ya san aiki yana wurin Shuwa a arewa ko wurin Benjamin Adekunle, wanda daga baya ya riƙe runduna ta uku, da ya sauka Bonny a ƙarshen Yuli. Babu wata runduna da ke tsakanin Ore da fadar gwamnati.

Murtala ya tattara abin da ya samu: 'yan sojojin da suka rage a barikokin Legas da Badun, akawuna, masu dafa abinci, direbobi, 'yan mazan jiya da suka yi yaƙin duniya na biyu aka sake kiran su, da kuratan da horonsu bai wuce 'yan makonni ba. Motoci kuwa na 'yan kasuwa aka karɓa. A ƙa'ida kurtu yakan yi wajen wata shida a defo kafin a ce ya zama soja, sannan bataliya ta yi atisaye tare har kofur ya san mutanensa, saja ya san kofurorinsa. Wannan rundunar ba ta samu ko ɗaya ba.

Me ya sa duk da haka ta ci nasara? Banjo ya yi jinkiri a Binin na kwanaki yana lissafin siyasa, wannan jinkiri ne ya ba Legas numfashi. Sojojin da ya zo da su ba su da yawa, mafi yawansu sababbi ne, layin kawo musu kaya ya miƙe tun daga Inugu, kuma ƙabilun jihar da ba Ibo ba sun juya musu baya. A irin wannan yanayi abin da ake buƙata shi ne kwamandan da zai matsa ba tsayawa, kada ya bar abokin gaba ya sami daren da zai haƙa rami ya zauna. Wannan kuwa shi ne halin Murtala. Bai tsaya kan babbar hanyar Ore kaɗai ba, ya karkato da ƙarfinsa ta arewa, ta wajen Okene da Auchi, ya sauko wa Binin ta inda ba a tanadar masa ba, yayin da mutanen Adekunle suka shigo ta ruwa suka kama Warri da Sapele. Ranar 20 ga Satumba Binin ta dawo hannun gwamnati, 'yan sa'o'i bayan Manjo Albert Okonkwo ya yi shelar jamhuriyar Binin a rediyo. Aka ba Samuel Ogbemudia riƙon jihar. Banjo kuwa Ojukwu ya sa aka harbe shi a Inugu kafin watan ya ƙare.

A gaskiya wannan aiki ne da ya cancanci yabo, kuma da wuya a ce wani mai taka-tsantsan zai yi shi cikin wannan lokaci. Sai dai nasarar ta koya wa rundunar darasin da ba daidai ba, cewa in dai aka danna da ƙarfi abokin gaba zai watse. A kan titi da motoci hakan ya yi aiki. Farkon Oktoba suka iso Asaba, 'yan Biyafara suka ja da baya suka karya gadar a bayansu, titi ya ƙare.

Mai Taswira ya rubuta:

Yauwa, nan ne gizo ke saƙa. Ƙetare kogi alhali abokin gaba yana jira a ɗaya gaɓar yana cikin ayyuka mafi wuya da ake koya wa soja, kuma yana da matakai da ba a tsallake su.

Fara da kogin kansa. Gadar Anacha da aka gama a ƙarshen 1965 tsawonta wajen kilomita ɗaya da ɗigo huɗu ne, to ka ƙiyasta faɗin ruwan. Watan Oktoba kuma shi ne lokacin da Kwara ke cika maƙil a wannan yanki, domin ruwan Binuwai ya haɗu da shi a Lakwaja bayan damina ta zuba. Ruwa mai ƙarfi yana jan jirgi ƙasa da inda aka nufa, yana ƙara tsawon lokacin fito, kuma soja da takalmi da bindiga da jakar harsashi in ya faɗa ciki ba ya fitowa ko da ya iya iyo, balle mafi yawansu ba su iya ba. Garin Anacha yana kan tudu yana kallon ruwan. Mai tsaron gari yana ganin duk abin da ake lodawa a Asaba.

Matakin farko leƙen asiri ne: a san zurfi, ƙarfin igiyar ruwa, inda gaɓa ke da laka da inda take da tsauri, da inda manyan bindigogin abokin gaba suke. Na biyu yaudara: a tara jirage da hayaniya a wuri ɗaya, a ƙetare a wani wurin, galibi da dare ko da asuba. Na uku wuta: igwa da turmi, wato bindigar da ke cilla bam sama ya faɗo, su danne gaɓar can tun kafin jirgin farko ya tashi har ya sauka. Igwa mai baki milimita 105 tana kai harsashi wajen kilomita goma, don haka daga Asaba ana iya dukan Anacha, kuma an daka ta. Amma luguden wuta a kan gari daban, kashe bindiga mai jigida da ke ɓoye a rami daban. Na biyun yana buƙatar ɗan leƙe da ya ƙetare tare da zubin farko, riƙe da wayar oba-oba, yana gyara wa masu igwa saiti.

Mataki na huɗu shi ne wanda ya fi kashe mutane in aka yi wasa da shi. Zubin farko ba aikinsa cin gari ba ne. Aikinsa ya kama gaɓa, ya faɗaɗa ta yadda harsashin ƙananan bindigogi ba zai kai ga mafitar jirage ba, ya haƙa ramuka, ya zauna ya jira martani, domin martani dole ne ya zo. Na biyar, a yi ta zuba mutane da kaya fiye da saurin da abokin gaba ke tara nasa. A nan lissafi ne zalla. Ɗauki misali jirgin fito yana cin mutum ɗari biyu, zuwa da dawowa da lodi awa guda. Bataliya ɗaya sawu huɗu ke nan, awa huɗu, ba a yi maganar akwatunan harsashi, turmi, motar sulke da kwashe masu rauni ba. In jirgi biyu gare ka aka nutsar da ɗaya, lissafin ya ninka. Sojan da ya sauka kuwa abin da ke jikinsa gidan harsashi huɗu ne ko biyar mai cin ashirin-ashirin, kurtun da tsoro ya kama zai iya ƙarar da su kafin a sha ruwa.

Yanzu auna abin da ya faru da wannan ma'auni. Hedikwatar soja a Legas ta ba da shawarar kada a ƙetare a Asaba, a hau arewa a ƙetare ta Ida, inda gaɓar gabas ke hannun gwamnati, a sauko wa Anacha ta ƙasa. Wasu daga cikin kwamandojinsa, har da Alani Akinrinade, sun nuna rashin amincewa da fito kai tsaye. Murtala ya ƙi. Hujjarsa ba ta banza ba ce: Inugu ta faɗi ranar 4 ga Oktoba a hannun mutanen Danjuma na runduna ta ɗaya, Biyafara tana tangal-tangal, zagaye ta Ida zai ci makonni, kuma zai sa shi bi ta yankin Shuwa, abin da ba ya so. A ganinsa in aka kama Anacha a wannan makon, hanyar Nnewi da tsakiyar ƙasar Ibo ta buɗe.

Aka yi fito da jiragen ruwa na farar hula da aka samo, a gaban idon masu tsaro, ba wata yaudara. Abin mamaki zubin farko ya sauka, har ya shiga gari ya kai babbar kasuwa. A nan rashin horo ya nuna kansa. Maimakon a kama gaɓa a haƙa rami, sojoji suka bazu cikin kasuwar suna kwasar ganima, wuta ta tashi ta cinye ta, kasuwar da ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Taimakon da ya kamata ya biyo baya bai iso yadda ake buƙata ba. 'Yan Biyafara ƙarƙashin Conrad Nwawo, da su Joe Achuzia, suka sake shiri suka rufe su ta fuska biyu. Mutanen da ba sa cikin sahu, ba su san inda hafsansu yake ba, kogi a bayansu, ba jirgi a gaɓa. Waɗanda harsashi bai samu ba ruwa ya ci da yawansu.

Kuskuren farko ana iya yi masa uzuri da zafin nama. Na biyu da na uku su ne masu wuyar karewa, domin an maimaita abu ɗaya a wuri ɗaya, ga masu tsaron da yanzu sun auna nisan kowane taku na ruwan, gwiwarsu kuma ta yi ƙarfi. Jiragen ma ba su kai gaɓa da kyau ba aka buɗe musu wuta. Kwatanta da abin da Adekunle ya yi a Kalaba cikin watan nan na Oktoba: jiragen yaƙin sojan ruwa suka yi masa luguden share fage, ga jirgin da aka ƙera musamman don sauke dakaru a gaɓa. Murtala ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A ƙarshe hanyar da ya ƙi ita ya bi. Wajen ƙarshen shekara rundunar ta ƙetare ta Ida, ta bi ta yankin Inugu, ta yi ta gwabzawa a kan hanyar Awka, Anacha ta faɗi cikin kwanaki goman ƙarshe na Maris 1968. Shehu Musa 'Yar'aduwa yana cikin matasan hafsoshin da suka yi wannan gumurzu.

Ɗalibin Tarihi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ashe har sun shiga garin a karon farko. To kwanton ɓaunar Abagana fa? Tunda an riga an kama Anacha, yaya aka yi asara mafi muni ta zo bayan nasara?

Mai Taswira ya rubuta:

Domin kama gari daban, riƙe hanyar da ke ciyar da shi daban, ɗan'uwa. Rundunar ta kutsa ta kan titi ɗaya, daga Inugu zuwa Awka zuwa Abagana zuwa Anacha, dazuzzuka da ƙauyukan da ke dama da hagu kuwa suna hannun Biyafara. Gadar Asaba a karye take. Duk buhun gari, duk durom ɗin mai, duk akwatin harsashi sai ya bi wannan siririn titi.

Ranar 31 ga Maris 1968 ayarin motoci kusan ɗari ya taso da kayan rundunar. Mutanen Manjo Jonathan Uchendu suka yi masa kwanton ɓauna a Abagana. Harbi ya sami tankar mai, ta fashe, wutar ta bi motocin harsashi ɗaya bayan ɗaya, kusan ayarin duka ya ƙone, mutane da dama suka mutu a ciki.

Ƙa'idar tafiyar ayari a yankin da ba a share ba sananniya ce. Ana raba shi ƙungiya-ƙungiya, mota goma zuwa ashirin, da tazarar lokaci a tsakaninsu. Tsakanin mota da mota a bar mita hamsin zuwa ɗari, ta yadda harsashin turmi ɗaya ba zai ci biyu ba. Tankar mai ba ta tafiya kusa da motar harsashi, ana ware ta can baya da rakiyarta. Motar sulke a gaba, wata a tsakiya, wata a baya. Kafin ayari ya iso duk wata kwana, gada ko tudu, sojan ƙasa sun riga sun sauka sun hau gefen hanya sun zauna, ba sa tashi sai motar ƙarshe ta wuce. Kuma kowane direba ya san abin da zai yi in an buɗe wuta: wanda ke cikin tarko ya taka mota ya fice, wanda bai shiga ba ya tsaya nesa. Direban da aka ɗauko daga tasha bai san wannan ba, in ya ji tsoro matsowa yake yi jikin motar gabansa, yana ganin a nan tsira take. Titi siriri, mota ta mutu a gaba, wata ta mutu a baya, shi ke nan sauran sun zama itacen wuta.

Bayan Abagana runduna ta biyu ba ta sake yin wani babban yunƙuri ba. Ta zauna a Anacha kusan a kewaye, hanyar Inugu tana yankewa har cikin 1969. Ba ta kai Nnewi ba, ba ta kai Uli ba, filin jirgin da ke kudu da Anacha wanda ya zama maƙogwaron Biyafara har ƙarshen yaƙi. A tsakiyar 1968 Murtala ya bar rundunar, Ibrahim Haruna ya karɓa, daga baya Gibson Jalo.

Hajiya Malama ta rubuta:

Malamai, kun yi bayani mai gamsarwa, amma kun bi ta Asaba kamar tashar mota ce kawai. Ɗalibi ya ce ba ya son yabo tsantsa, to a gaya masa. Da sojojin runduna ta biyu suka shiga garin a farkon Oktoba 1967, sun yi ta kashe farar hula bisa zargin goyon bayan Biyafara. Ranar 7 ga wata mutanen gari suka fito cikin fararen kaya suna rawa da waƙar Nijeriya ɗaya don a bar su da rai. A unguwar Ogbe-Osowa aka ware maza da samari daga mata, aka buɗe musu bindiga mai jigida. Ɗaruruwa ne suka mutu, aka binne su a manyan ramuka. Gowon ya fitar wa sojoji ƙa'idar aiki a rubuce wadda ta hana taɓa farar hula, kuma shekaru da yawa bayan haka ya nemi afuwar mutanen Asaba.

A dokar soja kwamanda yana ɗaukar alhakin abin da mutanensa suka yi in ya sani, ko ya kamata ya sani, bai hana ba kuma bai hukunta ba. Murtala ne kwamandan rundunar. Ba a gurfanar da kowa a kan wannan ba.

Kuma ko ta fuskar yaƙi zalla aka duba, abin ya cutar da gwamnati. Labarin Asaba ya ƙetare kogi kafin jiragen Murtala, ya tabbatar wa mutanen Gabas abin da rediyon Biyafara ke faɗa musu, cewa miƙa wuya mutuwa ce. Wanda ya yarda da haka ba ya barin raminsa. Sojan da aka bari ya yi abin da ya ga dama a Asaba, shi ne kuma ya watsar da sahu ya shiga kasuwar Anacha kwana kaɗan bayan haka. Rashin ladabtarwa ɗaya ne.

Malam Na Tudun Wada ya rubuta:

Gaskiya ne Hajiya, ba a rufe wannan babi ba tare da Asaba ba, kuma haɗin da kika yi tsakaninta da kasuwar Anacha daidai ne.

Inda zan ɗan saɓa wa Mai Taswira shi ne ɗora komai a kan mutum ɗaya. Hedikwatar Legas shawara take bayarwa, ba ta iya tilasta wa kowa. Kowace runduna cikin ukun tana ɗibar kuratanta da kanta, tana da wakilanta a Legas masu fafutukar makamai, wani lokaci har da rige-rigen kayan da suka sauka a tashar jiragen ruwa. Ba wani babban kwamanda a fagen daga da zai ce wa Shuwa ya matso kudu daga Inugu a ranar da Murtala zai yi fito, don a raba hankalin masu tsaron Anacha. Sojan da ya tashi daga dubu goma ya kai wajen dubu 250 cikin wata talatin, ba yadda za a yi hafsoshi da sajoji su ishe shi. Shuwa ya bi a hankali, yana share gefe da gefe kafin ya matsa, ya tsira da mutanensa, amma shi ma an yi ta yi masa gorin nawa. Sai a watan Mayun 1969 Gowon ya iya canza kwamandojin duka, ya kawo Obasanjo da Bisalla da Jalo, yaƙin ya ƙare a Janairun 1970.

Shi Murtala ya koma kujerarsa ta sufeton sigina da muƙamin kanar. Bayan yaƙi ya je kwalejin manyan hafsoshi ta Latimer a Ingila, ya zama birgediya a 1971, Gowon ya ba shi kwamishinan sadarwa na tarayya a 1974. Ranar 29 ga Yuli 1975, Gowon yana taron ƙasashen Afirka a Kampala, su Joe Garba da 'Yar'aduwa suka kifar da gwamnati suka miƙa wa Murtala, Obasanjo na biye da shi, Danjuma ya zama hafsan sojan ƙasa. Cikin matsalolin da ya tarar har da wannan ƙaton soja da yaƙi ya bari, wanda aka fara shirin rage shi da mutum dubu ɗari, kuma tsoron sallama yana cikin abubuwan da masu juyin mulkin Dimka suka fake da su. Ranar 13 ga Fabrairu 1976, ranar wannan yunƙuri na Dimka, aka tare motar Murtala cikin cunkoson safiya a Ikoyi, ba sulke a jikinta ba rakiyar kirki, aka kashe shi tare da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa, Murtala yana da shekara 37. Motar tana gidan tarihi na Onikan a Legas, da ramukan harsashin a jikinta, ga ɗalibin da ya sami zuwa.